Layi Goma Kafin In Naɗe Sallaya

Duk marubucin da na tambaya yadda ya saba wa kansa da rubutu kullum, amsarsa kusan ɗaya ce: a ware lokaci guda, a riƙe shi gam, kada a bar komai ya shiga cikinsa. Yawancinsu bayan sallar Asuba suke cewa, sa'ad da gari bai gama wayewa ba, yara ba su tashi ba, kai bai cika da hayaniyar yini ba. Shawara ce mai kyau ga wanda ranakunsa suka yi kama da juna. Ni ungozoma ce a wani asibitin gwamnati a nan Kano, kuma da wuya mako biyu su zo mini iri ɗaya. Wani makon ƙarfe takwas na safe nake karɓar aiki, wani makon ƙarfe biyu na rana, wani kuma sai tara na dare, in kwana a tsaye har rana ta fito. Asubar da ake ce mini in yi rubutu a cikinta, sau da yawa a ɗakin haihuwa take samuna, da safar hannu a hannuna, ina ce wa wata baiwar Allah ta daure ta ƙara nishi. Ga maigida, ga yara, ga surukata Hajiya da muke zaune gida ɗaya, ga dangi da kowa ya san akwai ma'aikaciyar asibiti a cikinsu. Ga kuma son rubutu, so na gaske, wanda yake tare da ni tun ina makarantar 'yan mata.

Abin da ya fisshe ni shi ne na lura akwai abu ɗaya da rostar asibiti, wato jadawalin aikinmu, ba ta iya jujjuya shi: salla. Ko ina aikin safe, ko na yamma, ko na kwana, sau biyar ɗin nan suna nan daram, kuma ba sai wani ya tuna mini ba. Sai na rabu da agogo, na ɗaura rubutuna a jikin salla. Ba salla ɗaya tak ba, duk wadda aikin wannan makon ya bar mini ita a gida cikin natsuwa.

Ranar da aka liƙa rostar sabon wata nakan ɗauki hotonta da waya. In na dawo gida sai in kwafe ta a cikin bangon littafina, a gefen kowace rana in rubuta sunan salla guda. Makon aikin safe, Isha'i ce tawa, domin da asuba ina fama da ruwan wankan yara da damun koko da neman takalmin makaranta, in kuwa ban baro Ɗorayi da wuri ba, cunkoson Gadon Ƙaya zai riƙe ni cikin adaidaita-sahu har a fara nemana a waya. Makon aikin yamma na fi so: yara sun tafi makaranta, maigida ya fita kasuwa, Hajiya ta koma ta ɗan kishingiɗa, in yi raka'a biyun walha in zauna. Makon aikin kwana sai Azahar, bayan na rage barci. Ranakun hutu ne kaɗai nake samun Asubar nan da kowa ke yabo, kuma gaskiyarsu, tana da daɗi.

Littafin da biro a cikin sallayata suke, a naɗe tare. In na warware ta sai su faɗo, in ajiye su gefe. In na sallame, na yi azkar, na yi addu'a, ba na naɗe sallayar sai na rubuta layi goma. Ranakun da nake fashin salla ma ban sauya komai ba: da na ji kiran sallar daga masallacin layinmu, sai in zauna bakin gado da littafin a cinya.

Layi goma a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da irin girman rubutun hannuna, bai wuce kalma ɗari ba. Na san yadda wannan zai yi kaɗan a kunnen wanda ya saba jin ana cewa marubucin kirki kalma dubu yake yi kafin karin kumallo. To amma a yi lissafi. Kalma ɗari a rana, in shekara ta zagayo ta zama 36,500, littafi guda ke nan mai ɗan kauri. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, labari take nema mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, wato aikin mako biyu ga mai layi goma. Na san mata da yawa, cikin abokan aikina da 'yan ajinmu, da suke da labarin da ya isa a shiga kowace gasa da shi. Ba rashin labari ke hana su ba. Jira suke wata rana ta zo da babu girki, babu wanki, babu baƙi, babu yaron da ba shi da lafiya, su zauna su rubuta shi gaba ɗaya. Tun da na yi aure ban ga irin wannan rana ba, ban kuma ga matar auren da ta ce mini ta gan ta ba.

Ba da ranar da nake da ƙarfi na auna layi goman nan ba, da ranar da ta fi kowace wuya na auna. Ɗauki tsakiyar damina, Agusta zuwa Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibiti maƙil. Gadaje su ƙare, masu ciki su yi ta zuwa jini ya yi ƙasa, idanu fari fat, mu biyu ko uku a kan ɗaki guda dare ɗaya. Ki miƙa aiki ƙarfe takwas, ki iso gida tara ta gota, ƙafa ta kumbura, kai yana sarawa, ki tarar autarki ma jikinta ya yi zafi. Ki ba ta magani, ki kwanta, barcin rana da ba ya kai wa ƙashi, nan a ƙwanƙwasa ƙofa an zo aron wani abu, nan a kira ki a waya wata 'yar'uwa tana tambayar ko maganin da aka rubuta mata mai shayarwa na iya sha. Ki farka da kiran Azahar jiki kamar ba naki ba. Abin da zan iya rubutawa a wannan Azahar ɗin shi ne ma'aunina. Shafi biyu ba zai yiwu ba, ko shafi ɗaya ma da kyar. Layi goma yana yiwuwa, ko da ido na lumshewa.

Hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, tun muna Islamiyya muka haddace shi. A kan ibada ya zo, kuma ba ina ɗaga rubutuna zuwa wannan matsayi ba ne. Sai dai abin da ya nuna game da halin ɗan'adam ya shafi kowane aiki: nauyin da za a iya ɗauka kullum shi ne ake kaiwa nesa da shi. Mu da muka yi makarantar allo mun ga haka da idonmu. Malam ba ya cika wa ƙaramin yaro allo ranar farko. Layi biyu ko uku zai rubuta masa, ya biya, ya haddace, ya wanke, gobe a ƙara. A haka ake kaiwa izu sittin, a haka kuma wani yake zama alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani duka da ka.

Akwai ranakun da rubutu yake buɗewa, in ga na wuce layi goma na cika shafi biyu ko uku ban sani ba. Alhamdu lillahi, ina murna da su. Amma ban taɓa yarda in ce to, tunda haka ne, daga yau shafi biyu zan riƙa yi ba. Nan ne na ga mutane da yawa sun faɗi. Mako ɗaya mai kyau sai ya ruɗe su, su ɗaga ma'auni, ranar da rayuwa ta dawo yadda take su kasa cikawa, su ga kamar sun gaza, su ajiye biro gaba ɗaya. Haka kuma ba na ramuwa. In wata rana ta kuɓuce mini, kuma takan kuɓuce, gobe layi goma ne dai, ba ashirin ba. Rubutu ba salla ba ne balle a ce ana bina bashinsa. Wadda ta ɗora wa kanta ramuwa, kwana uku kacal za ta rasa ta ga bashi ya taru, littafin ya zama abin da take kau da kai in ta hange shi.

Ba kullum ne layukan suke da kyau ba. Wasu ranakun abin da ya fito bai wuce bayanin gajiyata ba, ko maganar da na ji wata tsohuwa ta faɗa a layin karɓar kati, ko yadda sararin sama ya yi ja kafin hadari ya sauko. Da babu gara ba daɗi. Abin mamakin kuma shi ne, in na dawo na karanta bayan wata ɗaya ko biyu, sau da yawa ba na iya bambance layin da na rubuta cikin nishaɗi da wanda na rubuta ina gyangyaɗi.

Watan azumi shi ne babban gwaji. Daga La'asar mace tana kicin, kunu da ƙosai da abincin buɗa-baki, sannan tarawihi, sannan tashin sahur, goman ƙarshe ga tahajjud, ga karatun Alƙur'ani da ya fi cancanta da duk wani sararin da aka samu, aikin asibiti kuma bai san an shiga azumi ba. A watan ba na taɓa dogon labari. Bayan Azahar nake rubuta layukana, yawanci abin da na ji a tafsiri ne ko abin da ya zo mini a rai, don dai hannu kada ya manta hanya. Biki da suna kuwa, ƙaramin littafi nake jefawa a jaka in kwana zan yi a gidan. Lokacin da aka yi mana rasuwa a dangi muka yi zaman makoki, abin da na rubuta a kwanakin halayen mamaciyar ne na kirki da addu'a gare ta, kuma har yau 'ya'yanta suna neman in karanta musu.

Aikina ma ya koya mini wani abu da ban ji daga bakin marubuta ba. A ƙarshen kowane duti dole a rubuta rahoto: wace ce ta zo, ƙarfe nawa, awon jininta nawa, wane magani aka ba ta, me ya rage a yi mata. Babu wadda ta taɓa tsayawa gaban Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce, "Anti, yau ban ji sha'awar rubutu ba." Kin gaji ko ba ki gaji ba, sai kin rubuta, domin wadda za ta karɓe ki a kansa za ta dogara, ran wata kuma yana iya rataya a kan layi ɗaya da kika tsallake. Da Turanci muke rubuta shi, cikin gajerun kalmomin aiki, babu ado ko kaɗan. Amma shekarun da na yi ina rubuta shi sun tabbatar mini hannu yana iya aiki ko zuciya ba ta motsa ba, sau da yawa ma sai hannu ya fara sannan zuciya take biyowa.

Daga can na aro miƙa aiki. In na cika layi goma, a ƙasa nakan bar layi ɗaya ga wadda za ta karɓi littafin gobe, wato ni. Wani abu kamar haka: "Gobe: yadda aka ce ba za a tafi asibiti ba sai maigida ya dawo daga kasuwa." Abin da ya fi cin lokaci a rubutu shi ne zaman tunanin ta ina za a fara, mai minti goma kuwa ba ta da sararin wannan zaman. Da wannan layi ɗaya, ina buɗe littafin na san inda zan sa biro. Ƙari a kan haka, tunda na san abin da ke jirana, kaina yakan yi ta juya shi a hanya. A cikin adaidaita-sahu ba na fito da waya, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwace, don haka zaman nan na cunkoso shi ya zama lokacin da nake shirya jimloli a zuci. Kafin in zo kan sallaya rabin aikin ya riga ya nuna.

Ana yawan tambayata don me ba na rubutawa kai tsaye a waya, tunda a nan zai ƙare. Wayata ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai zauren WhatsApp na dangina, da na dangin maigida, da na wurin aiki, da na 'yan ajinmu, da na adashe, da na iyayen yara, da na kowane biki da aka fitar da anko. In na buɗe ta da niyyar layi goma, kafin in kai ga wurin rubutun an yi mini sallama sau nawa, kuma ban iya ganin sallama in wuce ba. Ga matsalar wuta. In aka ɗauke ta kwana biyu, ɗan cajin da ya rage na kiran asibiti ne da na gida. Takarda ba ta neman caji, ba ta neman data. Ranar hutu ce nake zama in buga abin da ya taru a Google Docs, da allon rubutu na Gboard da na saita a kan Hausa domin ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu. Bugawar nan ita ce gyarana na farko: abin da na ji ƙyashin in buga shi, to dama bai cancanci zama ba.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne mutanen gida. A gidajenmu, mace in tana tsaye a kicin aiki take yi, in tana wanki aiki take yi, in kuwa ta zauna da biro a hannu, to zaune take. "Umma, tunda ba kya komai, zo ki duba mini wannan." Hajiya da farko ta ɗauka takardun asibiti nake cikewa, da ta gane labari ne sai ta ce, "Ke 'yar nan, duk gajiyar da kika kwaso ba za ki kwanta ki huta ba?" Tausayi ne ya sa ta faɗa, na sani. Sallaya ta taimake ni a nan, domin ko ƙaramin yaro ya san ba a damun wanda ke kanta. Amma ban so in fake da salla in yi wani abu daban ba, don haka na zaunar da su na faɗa musu gaskiya: in na sallame, akwai minti goma da nake rubutu, ina roƙon a bar mini su. Maigida na fara yi wa magana, mu biyu, na nuna masa abin da nake rubutawa da dalilinsa. Bai ce komai mai tsawo ba, washegari dai ya shigo da dozin ɗin littattafan rubutu ya ajiye mini. Yanzu babbar 'yata ce take tare ƙannenta, in ji tana cewa, "Ku bari Umma ta naɗe sallaya tukuna." In yaro ya faɗi yana kuka, ko Hajiya ta kira, tashi nake yi, babu wani layi da ya kai su. Layi goma yana jure a katse shi a dawo.

A duk taron da aka yi kan mata da rubutu sai an ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, kuma ta cancanta. An haife ta a 1793, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta taso cikin shekarun yaƙi da ƙaura, ta auri Waziri Gidado ɗan Laima, ta haifi 'ya'ya ta rene su, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajoji suke tahowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata. Duk da haka kafin rasuwarta a 1864 ta bar rubuce-rubuce fiye da 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wani lokaci yadda ake kawo sunanta sai ya zama kamar gori ga matan yau: ita ta yi, ku me ya hana ku? Ni abin da nake dubawa a tarihinta shi ne gidan da ta fito da wanda ta shiga. Mahaifinta marubuci ne, baffanta Abdullahi marubuci ne, yayanta Muhammadu Bello marubuci ne, mijinta ma haka. A irin wannan gida, wanda ya zauna da alƙalami da tawada kowa ya san aiki yake yi. Yawancinmu ba a irin gidan muka samu kanmu ba. Sai mun koya wa gidajenmu hakan da kanmu, a hankali, cikin ladabi, kuma babu abin da yake koya musu kamar su ga kullum ana yi.

To me ya sa na nace haka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ni ba a takarda na san wannan ba. Na san shi a fuskar yarinyar da aka kawo tana jijjiga, bayan ta yi kwanaki tana kukan ciwon kai mai tsanani, fuska da hannu sun kumbura, tana gani dishi-dishi, aka ce ai haka cikin fari yake. Tun 2016 hukumar ta ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, maimakon 4 na da, amma har yau muna karɓar matan da ranar naƙuda ce ranarsu ta farko a asibiti. Kowace safiyar awo muna tsayawa mu yi wa mata bayani, ɗaki cike, yara na kuka, rabin maganar iska ke ɗauka. Kuma waɗanda suke yanke shawarar a tafi asibiti ko a dakata, wato miji da uwar miji, ba sa cikin ɗakin. Rubutu yana isa inda muryata ba ta kai ba. Magidanci yana zaune a shagonsa zai karanta a Facebook. Kuma na lura jerin gargaɗi ba ya zama a ran mutane kamar labari. In na ce alamomin haɗari guda kaza ne, za a wuce. In na ba da labarin wata amarya da yadda dare ɗaya ya kasance a gidansu, sai a karanta har ƙarshe, a tura wa wasu. Irin wannan bayani da Hausa mai daɗin karantawa, wanda wadda ta san aikin ta rubuta, ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma wannan yana damuna.

Akwai amana a ciki, kuma ba na wasa da ita. Ba na rubutu a bakin aiki, lokacin na masu jinya ne. Ba na sa sunan kowa, ko unguwarta, ko ranar da ta zo, ko wata alama da maƙwabta za su gane ta. Abin da mace ta faɗa mini tana kan gadon haihuwa ba nawa ba ne balle in kai shi kasuwa. Matan da ke cikin labaraina ƙirƙirarsu nake yi, ciwon ne kaɗai na gaske.

Wani abu da nake so ƙannena marubuta su rarrabe shi ne rubutu kullum daban, sakin rubutun ga masu karatu kullum daban. Ina ganin yadda masu rubuta littattafai a zaurukan WhatsApp da Wattpad suke fama. Masu karatu sun biya kuɗinsu, kowace safiya suna jiran sabon feji, in ya makara a fara ƙorafi, marubuciya ta buga cikin dare ta saki ko sake dubawa ba ta yi ba. Ina jinjina wa ƙoƙarinsu, da yawansu da wannan suke rufa wa kansu asiri, kuma su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa a yau. Amma ina ganin labarai masu kyau suna lalacewa a tsakiya saboda wannan gaggawa, ina kuma ganin marubutan suna ƙonewa, wata ta ɓace shekara guda ba a ji ɗuriyarta ba. Littafina na cikin sallaya babu mai jiransa, shi ya sa nake iya rubuta layi mara kyau a cikinsa ban ji kunya ba. Abin da zai fita waje sai ya kwana, an buga shi, an gyara, in ya shafi magani ko wata alamar ciwo kuma sai wani likita cikin waɗanda muke aiki tare ya duba mini. Sau biyu a wata in na saki abu, ya ishe ni.

Yanzu haka wani labari nake kai mai kashi uku a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda yana cikin manyan abubuwan da suke kashe mana mata. Kashi biyu sun kammala. Da yake da yawa cikin matan da na fi so su ji shi ba sa karatun boko, na fara karanta kowane kashi da murya ina turawa a WhatsApp, kuma kafin in tura Hajiya nake fara karanta wa. Ita ce take tsayar da ni ta ce, "A'a, nan maganar asibiti kika yi, ba haka muke faɗa ba," ta ba ni yadda ake faɗa, in gyara. Kashi na uku ya shafi neman jini: yadda 'yan'uwa maza suke cika harabar asibiti, amma da an ce a zo a gwada jini a ba da leda ɗaya sai a fara kallon-kallo, wani ya ce yana azumi, wani ya ce bari ya je ya dawo. Shi ya fi ba ni wuya, domin ina so magidanci ya karanta ya ji ya kamata ya miƙa hannu, ba ya ji an zage shi ba. Na rubuta farkonsa ta bakin ungozoma, bai zauna ba, yanzu ina gwada shi ta bakin ƙanen mijin. In ya kammala, likita ya duba, zan sake su ukun a jere cikin mako ɗaya, in Allah ya yarda.